Ƙadangaren Jikin Tulu: Tarihin Tukwanen Gwari da Makarantar Gini ta Abuja

Masu rubuta tarihin ƙasarmu sun fi mai da hankali ga sarakuna da yaƙe-yaƙe da manyan malamai, kuma ba za a ga laifinsu ba, gama waɗannan su ne suka bar takardu da kirari da jerin sunaye. Amma akwai kayayyakin da suka girmi kowace sarauta a gidajenmu, waɗanda ba a cika tsayawa a bi diddigin labarinsu ba. Tukunya tana cikinsu. Duk inda masu haƙar kayan tarihi suka tona wani kufai, ko a Nok ne ko a Taruga ko a gindin Dala, tsingaro suke fara tararwa kafin su tarar da ƙarfe ko dutsen ado. Maginan da suka gina waɗannan tukwane kuwa sun shuɗe ba tare da an san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

A wannan maƙala za a bi tarihin irin tukunya guda ɗaya ne kawai, watau babban tulun ruwa na ƙasar Gwari wanda ake zana wa ƙadangare da kunama da kifi a jiki. Za a ga yadda ya tashi daga ƙauyen Kwali ya shiga gidan Sarkin Abuja, daga nan ya ƙetare teku, da kuma abin da ya same shi a kan hanya. Dalilin zaɓensa shi ne, a nan ne kaɗai muka sami maginiya wadda sunanta ya tsira daga mantuwa, har ta kai ga an buga hotonta a bayan takardar naira ashirin: marigayiya Ladi Kwali.

Ƙasar da mutanenta

Mutanen da Hausawa ke kira Gwari, ko Gwarawa, su suna kiran kansu Gbagyi ko Gbari, kuma suna zaune tun daga kudancin Zariya har Minna da Kuta, zuwa cikin ƙasar da ta zama Birnin Tarayya a yau. Manoma ne na doya da dawa, masu zama a gindin duwatsu, kuma an san matansu da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a kai. Ya kamata mu faɗi gaskiya game da yadda harshenmu ya ɗauke su. Idan mutum bai iya Hausa ba sai mu ce yana gwaranci. Idan za a yi wa wani bayanin da ko wawa zai gane sai a ce a yi masa gwari-gwari. Kalmomin nan ba yabo ba ne. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin labarin da ke tafe labari ne na yadda gwanintar mutanen da muke yi wa wannan kallo ta zama abin da aka fi sanin Arewa da shi a ɗakunan ajiye kayan fasaha na duniya.

Dangantakar Hausawa da Gwarin wannan yanki ta ƙara ƙarfi ne a farkon ƙarni na 19. Lokacin da masu jihadi suka ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, ya zauna a Zuba yana ta fama har ya rasu a 1825. Ƙanensa Abubakar Ja, wanda aka fi sani da Abu Ja, shi ya kafa sabon birni a 1828, birnin ya ci sunansa. Ta haka sarautar Haɓe ta Zazzau ta sami sabon mazauni a tsakiyar Gwari da Koro da Gade, Hausa kuma ta zama harshen fada da kasuwa. Ko sunayen matan da za mu ambata nan gaba shaida ne: Ladi sunan wadda aka haifa ran Lahadi ne, Lami ran Alhamis, Asibi ran Asabar, Kande kuwa macen da ta biyo bayan maza. Duk sunayen Hausa ne a kan 'ya'yan Gwari.

Yadda ake gina tulun

A ƙasar Hausa maza da mata duka suna ginin tukwane, har ma a wurare irin su Sakkwato da Kano sana'ar ta fi ƙarfi a hannun maza, kuma galibi akan kifa tsohuwar tukunya ne a shimfiɗa yumɓu a bayanta don a fitar da gindin sabuwa. A ƙasar Gwari aikin mata ne, yarinya tana koya daga uwarta ko gwaggonta, kamar yadda Ladi, wadda aka haifa a Kwali wajen 1925, ta koya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Hanyar ginin ma dabam ce. Maginiya takan ɗora curin yumɓu a kan wani abu mai faɗi, ta dunƙule hannu ta huda tsakiyarsa, sa'an nan ta yi ta jawo yumɓun sama daga ciki da yatsunta, ɗaya hannun yana tallafe daga waje. Tukunyar ba ta motsi. Maginiyar ce ke zagaya ta, a sunkuye, tana ja da baya. In yumɓun ya ƙare sai ta murza wani kamar igiya ta ɗora a baki ta ci gaba, tana bugawa da ɗan katako mai faɗi, har tulun ya yi ciki, ya tsuke a wuya, ya buɗe a baki. Babu ma'auni, babu na'ura, amma in an gama sai a ga da'irar ta cika kamar an auna.

Ado yana zuwa ne bayan tulun ya sha iska, bai bushe ba kuma bai yi laushin da zai lotsa ba. Iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ake yi da 'yar igiya da aka tufka, ko ɗan itacen da aka sassaƙa wa haƙora, a mirgina shi a jikin tulu da tafin hannu, ya bar sawu mai maimaita kansa kewaye da kafaɗa ko wuya. Na biyu shi ne tsagawa da abu mai kaifi irin bakin wuƙa, kuma a nan ne gwanaye ke rabuwa da sauran magina. Akan raba cikin tulun gida-gida da layuka a tsaye da a kwance, a cike wasu gidajen da zane mai kusurwa, sauran kuma a zauna da halittu a ciki: ƙadangare, kada, hawainiya, kunama, maciji, kifi, tsuntsu. Yawancinsu ana zana su ne kamar mutum yana kallonsu daga sama, ƙafafu a baje, jela a miƙe ko a naɗe, an cike jikin da ƙananan tsage masu gilma juna. Ba kwaikwayon hoto ake yi ba. Kadan da ke jikin tulun Kwali ba zai ruɗi kowa ya zaci mai rai ne ba, amma kuma ba wanda zai ce masa damo.

Daga nan sai gashi. Akan jera tukwanen a fili, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Gashin bai cika wuce sa'a ɗaya ko biyu ba, zafin kuma yakan tsaya ne tsakanin digiri 600 da 800 a ma'aunin Salshiyas. A wurare da dama, tun tukunya tana da zafi akan yayyafa mata makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa da aka dafa, irin wanda muke daɓe da shi, sai ta yi duhu ta yi sheƙi.

A nan ya kamata a dakata, domin dukan abin da zai biyo baya ya rataya ne a kan wannan batu na zafin wuta. Yumɓun da aka gasa da ƙaramin zafi ba ya haɗewa ya toshe. Yakan bar ƙananan kafofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwan da ke cikin tulu yana tsattsafowa ta waɗannan kafofi, iska ta kwashe shi, kuma wannan kwashewar ita ke janye zafi daga ruwan da ya rage a ciki. Abin da ya sa ruwan randa ke sanyi ke nan ko a tsakiyar bazara. Haka kuma waɗannan kafofi, tare da tsakuwa da garin tsingaro da ake cuɗawa cikin yumɓu, su ne ke ba tukunya damar hawa murhu, wuta tana dukan gindinta kai tsaye, ba ta tsage ba. Abin da baƙo zai gani ya ce rashin ci gaba ne, watau gashi a fili da ciyawa, shi ne ainihin abin da ya sa tukunyar ke yin aikinta. Ko sawun igiyar nan da ke kafaɗar tulu yana da nasa amfani, gama jiƙaƙƙen tulu mai sumul saurin suɓucewa gare shi.

Me ya sa waɗannan halittu, ba zaki ko giwa ko doki ba? Turawan da suka yi rubutu a kan tukwanen Afirka suna da saurin neman ma'anar ɓoye a bayan kowane zane, amma a ganina amsa ta farko tana kusa. Waɗannan su ne halittun da mace ke gamuwa da su tsakanin ɗakinta da rafi. Kifi da kada na cikin ruwan da take ɗiba, hawainiya na kan reshen da ke bakin hanya, kunama na ƙarƙashin itacen da za ta ɗaga, ƙadangare kuwa ba ya rabuwa da gindin randa saboda danshi. Mu ma Hausawa mun lura da wannan maƙwabtaka, sai dai mu a baki muka zuba ta. Mun ce albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. Mun kuma kira mutumin da ya gagari hukunci ƙadangaren bakin tulu, a kashe shi a fasa tulu, a bar shi ya ɓata ruwa. Bahaushe ya sa ƙadangare a karin magana, Bagwariya ta tsaga shi a jikin yumɓu. Adonmu na hannu kuwa, ko a bangon soro ko a gaban riga ko a bayan ƙwarya, ya fi karkata ga dagi da aska da da'ira, kuma ƙyamar da malamai ke yi wa surar mai rai tana cikin dalilan haka.

Baturen tukwane

Sulaimanu Barau, Sarkin Abuja na shida, ya hau gadon sarauta a 1944. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya yi aikin koyarwa, kuma mutum ne mai sha'awar tarihi da al'adun ƙasarsa; a zamaninsa ne Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta tarihin Abuja. Yana cikin abin da ya bambanta shi cewa ya tara tukwanen maginan ƙasarsa a gidansa, har da na wata matashiya daga Kwali wadda aikinta ya riga ya yi suna a kasuwannin yankin. Sarki Musulmi, jikan sarakunan Zazzau, shi ne ya fara ɗaukar tulun Bagwariya mai zanen kunama a matsayin abin ajiya. Wannan yakan ɓace a yawancin labaran da ake bayarwa, inda akan nuna kamar Bature ne ya tsinto Ladi daga duhu.

Baturen shi ne Michael Cardew, wanda aka haifa a 1901. Ya yi karatu a jami'ar Okusfod, amma ya zaɓi ginin tukwane, ya zama almajirin Bernard Leach, mutumin da ya haɗa dabarun Japan da na tsohuwar Ingila ya farfaɗo da ginin hannu a ƙasarsu. A 1942 Cardew ya tafi Achimota a ƙasar da ta zama Gana don ya shugabanci wata masana'antar tangaran, abin bai yi nasara ba. Ya koma Vume a bakin kogin Bolta ya kafa tasa, ita ma ta ci ƙarfinsa da lafiyarsa, ya koma gida a 1948. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauke shi a Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu a matsayin jami'in kula da tukwane. A cikin rangadin da ya yi a wannan shekara ne ya sauka Abuja ya ga tukwanen Ladi a gidan Sarki.

Abin da gwamnati ke so a fili yake. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ana ta maganar raya ƙasa, kuma ana ganin ma'aikata da 'yan kasuwa masu tasowa za su buƙaci faranti da kofi da butar shayi, waɗanda duk daga waje ake shigo da su. Sai aka ce a koya wa 'yan ƙasa yin tangaran. Cardew kuwa, da ya zaga ya ga aikin maginan karkara, ya fahimci cewa tukunyar gargajiya ba ta buƙatar gyaran kowa, domin ta dace da murhu da rafi da aljihun mai sayenta. Shawararsa ita ce a bar ta yadda take, a kafa wata sana'a sabuwa a gefenta. Ya zaɓi Abuja saboda akwai itacen wuta da ruwa da yumɓu mai kyau, ga kuma Sarki mai maraba da aikin. An fara gini a 1951, aka buɗe Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane a 1952.

Sabuwar sana'ar ta zo da abubuwa uku waɗanda ƙasar ba ta saba da su ba. Akwai abin da za mu kira keken gini, watau faifan da ake juyawa da ƙafa, yumɓu yana juyi a kai magini yana zaune wuri ɗaya. Akwai ruwan tangaran, wanda ake haɗawa da garin dutse da toka da farar ƙasa a shafe tukunya da shi, in ya narke a wuta ya zama kamar gilashi. Sai kuma tanderun bulo mai rufi, wanda ake zuba wa itace dare da rana har zafinsa ya kai wajen digiri 1,250. Ɗaliban farko duk maza ne, akasarinsu hukumomin En'e ne suka turo su, da nufin in sun ƙware su koma garuruwansu su buɗe nasu wuraren. Da Hausa ake yawancin hulɗa a wurin. Hatimin da ake bugawa a gindin kowane kwano ma sunan Abuja ne da rubutun ajami, kusa da shi kuma haruffan sunan wanda ya gina.

Ladi a makaranta

Ladi ta shiga cibiyar a ƙarshen 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi keken gini, ta yi ta fitar da kwanuka da faranti da kofuna da tukwanen miya masu murfi, tana tsaga musu ƙadangarunta ta cikin ruwan yumɓun da aka shafa, launin ƙasa ya bayyana. Bayanta wasu matan suka biyo, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto. Amma abin da ya ɗaukaka sunanta ba aikin keke ba ne. Ta ci gaba da gina manyan tulunanta da hannu, tana zagaya su kamar yadda ta koya a Kwali, sai dai yanzu da yumɓun cibiyar mai jure babbar wuta. Bayan ta tsaga zanen sai a cike tsagar da farar ƙasa, a shafe tulun da ruwan tangaran, a sa shi a tanderu. In ya fito sai a ga kada ko kunama fari tas yana haskakawa daga ƙarƙashin sheƙi mai duhun kore ko baƙi-baƙi.

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan tuluna ya san abu ne mai kyau ƙwarai, kuma ba ni da niyyar rage masa daraja. Amma a dubi abin da ya faru da shi. Babbar wuta ta toshe kafofin yumɓun, ruwan tangaran ya ƙara rufe su, saboda haka ruwa ba ya sanyi a cikinsa. Ya yi nauyin da mace ba za ta saɓa shi a kafaɗa zuwa rafi ba ko babu komai a ciki. In aka ɗora shi a murhu zai tsage. Kuɗinsa kuma ya wuce abin da mutumin Kwali zai iya biya. Siffar tana nan, zanen yana nan, har ya fi fitowa, amma aikin da aka ƙirƙiri siffar dominsa ya tafi. Tulu ne wanda ba a ɗibar ruwa da shi. Cardew, wanda ya ce a bar tukunyar gargajiya yadda take, shi ne kuma a ƙarƙashinsa aka mai da ita abin kallo, kuma da kuɗin wannan abin kallo da sunansa ne cibiyar ta daɗe tana kare kanta a gaban jami'an da ke tambayar ina ribar.

An nuna tukwanen Abuja a wani ɗakin baje koli na Landan mai suna Berkeley a 1958 da 1959 da 1962, tulunan Ladi kuma su ne suka fi jan masu saye. A 1962 ta je Ingila da kanta ta yi gini a gaban ɗalibai da magina, daga baya ta je Faransa da Jamus, a 1972 kuma ta zaga Amurka tare da Cardew da Kofi Athey, wani magini ɗan Gana da ya daɗe yana aiki a Abuja. Macen da ba ta yi makarantar boko ba ta tsaya a manyan jami'o'i tana koyarwa da hannuwanta, masu digiri suna zaune suna kallo. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE a 1963. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, gwamnatin tarayya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa ta masu ilimi da fasaha a 1980, da lambar OON a 1981. Magdalene Odundo, 'yar Kenya wadda ta zama ɗaya daga cikin mashahuran maginan duniya, ta zo Abuja a 1974 ta koyi ginin hannu a wurin matan cibiyar, har da Ladi.

Akwai wani canji kuma wanda bai kai na wuta fitowa fili ba. A ƙauye tulu ba ya ɗauke da sunan kowa. Masu saye sun san hannun wance ya fi na wance, amma zanen na kowa ne, uwa ta bar wa 'ya. Da aka fara buga haruffa biyu, LK, a gindin tulu, sai gadon jama'a ya koma sunan mutum ɗaya, kuma kasuwar Turai da suna take ciniki. Ladi ta cancanci sunanta. Sai dai ɗaruruwan matan Kwali da Ushafa da Kuta waɗanda suka riƙe wannan zane kafin a haife ta, har da wadda ta koya mata, ba su sami ko haruffa biyu ba. Littafin da Sylvia Leith-Ross ta wallafa a 1970 a kan tukwanen Nijeriya, bisa tarin da ta yi wa gidan tarihi na Jos, da sunan gari da ƙabila ya jera yawancin kayan.

Abin da ya ci tukunya

Idan aka auna cibiyar da manufar da aka kafa ta dominta, ba ta cim ma buri ba. Ƙananan wuraren da aka buɗe wa ɗalibanta a Sakkwato da Kano ba su daɗe ba, domin tanderu yana cin itace mai yawa, haɗa ruwan tangaran yana buƙatar injin niƙa dutse, kuma kwanon da aka gama da wannan wahala ba zai yi gasa da na kanti a farashi ba. Masu sayen kayan Abuja galibi Turawa ne ma'aikata da manyan jami'an gwamnati. Talaka da matsakaicin ma'aikaci kuwa sun riga sun sami abin da suke so a wani wuri: kwanon langa mai fenti, wanda ake shigo da shi daga Hongkong da Turai kafin a fara ƙera shi a Ikko da Kano. Ba ya fashewa, ba shi da nauyi, ga furanni ja da shuɗi a jiki. Uwar amarya a Kano ko Katsina da shi take cika jere, kuma abin lura ne cewa adon da ya kori ƙwarya da tukunya daga bangon ɗaki shi ma zanen tsirrai ne, sai dai furannin wata ƙasa ne da inji ya buga. Bayan langa sai tukunyar alminiyam ta hau murhu, sai bokitin roba da jarka suka karɓe hanyar rafi. Randa ce kaɗai ta ƙi kauwa, saboda har yanzu ba a yi robar da ke sanyaya ruwa ba, firji kuma sai da wuta.

Cardew ya bar Abuja a 1965, Michael O'Brien ya karɓe shi har 1972, daga nan cibiyar ta koma hannun 'yan ƙasa. A 1969 Cardew ya wallafa littafinsa Pioneer Pottery, wanda ya ginu a kan abin da ya koya a Gana da Abuja, magina a ƙasashe da yawa kuma suka ɗauke shi jagora. Ya rasu a 1983. Ladi ta bi shi ranar 12 ga Agusta 1984, a Minna. An sa wa cibiyar sunanta, amma bayan rasuwarta aikin ya yi ta ja da baya, har a shekarun 2000 jaridu suka sha ba da labarin tanderun da ya daina hayaƙi da rufin da ya zube.

A tsakanin nan ƙasar kanta ta canja suna. A watan Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi dokar kafa sabon Birnin Tarayya, aka yanki babban ɓangare na ƙasar masarautar, aka kuma ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birnin. Tsohon garin Abu Ja ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya rasu a 1979. Saboda haka mai neman inda aka yi tukwanen Abuja, Jihar Neja zai nufa. Kwali kuwa ta faɗa cikin Birnin Tarayya, tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumominsa shida. Ƙauyukan Gwari da yawa an tashe su don a yi tituna da ma'aikatu, kuma da gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba 1991, wuraren da mata ke haƙar yumɓu da saran itacen gashi sun soma zama filayen da ke da takarda da mai shi. A Ushafa an kafa wa mata wurin ginin tukwane a farkon shekarun 1990 ƙarƙashin shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida, kuma can aka kai Shugaban Amurka Bill Clinton a watan Agusta 2000 don ya ga aikin hannun mutanen ƙasa.

A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da sabuwar takardar naira ashirin ta leda, Murtala a gaba, Ladi Kwali a baya tana aikinta. Ita ce mace ɗaya tak da aka buga da sunanta a takardun naira. A wannan sauyin ne kuma aka cire rubutun ajami daga ƙananan takardun kuɗi aka maye shi da boko, watau rubutun da ke gindin tukwanenta bai sami shiga takardar da ke ɗauke da hotonta ba. A 2022 an yi wani baje koli a Landan wanda ya fara da tulunanta ya bi sawun matan da suka gaje ta, kuma irin tulun da aka saya da 'yan fam kaɗan a 1958 yanzu dubban fam ake kiransa a wuraren gwanjo. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira suna Ingila da Amurka, a bayan gilashi. A kasuwannin Kwali da Suleja kuwa ana sayar da na asalin, wanda aka gasa da ciyawa, ga matan da ke son ruwan sanyi.